Cikin Ɗan Tsako da Abincin da Ya Dace da Shi

Da wuya ka shiga gida a ƙauyukanmu, kai har ma a cikin birni, ka rasa kaza tana yawo da 'ya'yanta a tsakar gida. Kazar gida takan kwanta a kan ƙwai 10 ko 12, ta ƙyanƙyashe mafi yawansu. Amma in aka dawo bayan wata biyu aka ƙidaya, sau da yawa sai a tarar abin da ya rage bai wuce rabi ba. In ka tambayi uwargida, sai ta ce maka shirwa ce, ko muzuru, ko kuwa ciwo ne ya shigo gidan. Shirwa da muzuru suna da nasu laifin, babu musu. Sai dai ɗan tsakon da yunwa ko zawo ya raunana shi ne ke zama na baya idan uwa ta yi kiran gudu, kuma shi shirwa ke fara samu.

Haka abin yake ga wanda ya sayi 'yan tsakin gidan gona masu kwana ɗaya a cikin kwali, ko mutum ne a gidansa ko ƙungiyar matasa manoma ta makaranta. Asarar da ta fi ciwo takan zo ne a makonnin farko, kuma galibinta daga ciki take tasowa. Dalili kuwa shi ne, ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai ne da cikin da ba a gama gina shi ba. A wannan darasi za mu bi abinci tun daga baki har zuwa inda yake fita, mu ga abin da wannan ciki zai iya ɗauka da wanda ya fi ƙarfinsa.

Guzurin da ya fito da shi

Ƙwan kaza yana yin kwana 21 kafin a ƙyanƙyashe shi. A tsawon wannan lokaci gwaiduwa ce babban abincin ɗan tsakon da ke ginuwa a ciki. Wajen kwana na 19 zuwa na 20, sauran gwaiduwar da bai shanye ba takan shige cikin cikinsa ta cibiya, sannan cibiyar ta rufe. Saboda haka ɗan tsakon gidan gona mai nauyin giram 40 yakan fito da gwaiduwa kamar giram 5 ko fiye a cikinsa. Na kazar gida bai kai wannan nauyi ba, amma tsarin ɗaya ne.

Wannan guzuri yana iya riƙe shi kwana biyu zuwa uku ba ci ba sha. Shi ya sa kaza ke iya ci gaba da kwanciya har ƙwan ƙarshe ya fashe, ba tare da na farko sun mutu ba. Shi ya sa kuma ake iya loda 'yan tsaki a mota daga wuraren ƙyanƙyasa na wajen Ibadan, a kwana ana tafiya, su iso Kano ko Sakkwato da ransu.

Daga nan ne wasu suka ɗauki wata fahimta mai cutarwa, wai ba a ba ɗan tsako abinci sai ya kwana uku, don kada gwaiduwar ta ƙi narkewa. Binciken masana ya nuna akasin haka. Da zarar abinci ya shiga, hanji yakan fara motsi, motsin nan kuwa yana taimakawa wajen janyo gwaiduwar ta wata siririyar hanya da ta haɗa ta da hanji. Ɗan tsakon da ya ci da wuri ya fi wanda aka bari da yunwa saurin shanye gwaiduwarsa. Bayan haka, gwaiduwa tana ɗauke da sinadaran garkuwar jiki da uwa ta bar wa ɗanta, da maiƙon da ake gina sassan jiki da shi. In aka tilasta masa ya ƙona su don ya sami ƙarfin motsi kawai, ya zama kamar manomin da ya dafa irin shukarsa ya ci. A makon farko hanji ya fi sauran jiki saurin girma, kuma wanda aka yi wa jinkirin abinci a wannan lokaci da wuya ya cim ma 'yan uwansa. Abin yi shi ne, da isowarsu a fara ba su ruwa mai tsabta, a tsoma bakin kaɗan daga cikinsu don sauran su gani su kwaikwaya, sannan a zuba abinci nan take.

Wani lokaci gwaiduwar da kanta ke zama ajali. Idan ƙwai ya ɓaci da kashi a wurin kwanciya, ko cibiya ba ta rufe sosai ba, ƙwayoyin bakteriya sukan shiga su ruɓar da ita. Za a ga cikin ɗan tsako ya kumbura, cibiya ta jiƙe, yana wari, kuma yakan mutu kafin ya cika mako. Babu abincin da ke gyara wannan. Gyaran yana wurin kwanciyar kaza ne, a tabbata a bushe yake kuma da tsabta.

Hanyar da abinci ke bi

Kaza ba ta da haƙori. Abin da ta tsinta haɗiye shi take yi ɗungurungum, ya gangara zuwa wata 'yar jaka da ke gindin wuya, ta ɓangaren dama. A nan ake ajiye shi ya jiƙa, ana sakinsa kaɗan-kaɗan. Wannan jaka tana da amfani ƙwarai ga mai kiwo, domin ita kaɗai ce sashen ciki da za a iya taɓawa daga waje. Ka ɗauki ɗan tsako, ka shafa gindin wuyansa a hankali da yatsa biyu. In ka ji jakar a cike, da laushi kamar kunu mai kauri, to ya ci ya kuma sha. In ka ji ta da tauri, kana jin tsakin hatsi a ciki, ya ci amma ruwa bai ishe shi ba. In ta kumbura tana lagwai-lagwai, ruwa kawai ya sha. In kuwa babu komai, bai gano inda abincin yake ba. Ƙa'idar da manyan masu kiwo ke bi ita ce, bayan sa'a 24 da zuba abinci ya kamata a sami aƙalla 95 cikin 100 jakarsu a cike.

Daga jakar, abinci yakan wuce wani ƙaramin tumbi inda ake zuba masa asid da sinadarin da ke fara narkar da furotin. Daga nan sai ƙundu, wanda kowane yaro ya sani a cikin miya. Ƙundu shi ne dutsen niƙan kaza. Tsoka ce mai kauri wadda ke matsewa tana saki, kuma fatar nan mai ruwan ɗorawa da ake ɓarewa idan ana gyara shi ita ce ke kare shi daga asid da kaifin abin da yake niƙawa. Tun a 1752 wani masani Bafaranshe mai suna Réaumur ya gwada ƙarfinsa. Ya riƙa ɗura wa talo-talo da agwagi ƙananan bututu na gilashi da na kuza, ya tarar ƙundu ya farfasa na gilashin, ya kuma lauye na kuzar. Da ya yi gwajin da shirwa, wadda cikinta ba shi da irin wannan tsoka, sai bututun ya fito lafiya, amma naman da ya sa a ciki ya fara narkewa. Ta haka ya gane cewa narkar da abinci aiki biyu ne, akwai niƙa akwai kuma aikin sinadari.

Ƙundun ɗan tsako ƙarami ne kuma bai yi ƙwari ba. Ƙwayar masara ko ta dawa sukutum ta fi ƙarfinsa a kwanakin farko, don haka sai a ɓarza ta ta zama tsaki. Gari mai laushi ƙwarai shi ma bai dace ba, domin yana danƙarewa a baki, kuma ƙundun da ba ya samun abin niƙawa ba ya girma. Wanda ke bin uwarsa yana tsintar yashi da 'yan tsakuwa da kansa, su zauna a ƙundu suna taya shi niƙa. Wanda aka killace, idan ana ba shi ganye ko ɓarzajjen hatsi mai gautsi, sai a ajiye masa yashi mai tsabta a gefe. A kuma kula da dogayen ciyayi da zare da guntayen leda, domin sukan dunƙule su toshe jakar ko ƙundun. Sabon ɗan tsako bai san bambancin abinci da shimfiɗa ba. Idan an shimfiɗa masa dusar katako mai laushi zai cika cikinsa da ita ya mutu da yunwa alhali jakarsa a cike take. Shi ya sa ake rufe shimfiɗa da takarda a kwanaki biyu ko uku na farko, a barbaɗa abincin a kanta.

Bayan ƙundu sai hanji, inda ake ainihin aikin. A lanƙwasarsa ta farko akwai wata doguwar tsoka fara-fara da ke zuba sinadaran narkar da sitaci da maiƙo da furotin, hanta kuma tana aiko da ruwan maɗaci. Bangon hanji daga ciki cike yake da wasu 'yan yatsu ƙanana kamar gashin tawul, su ne ke tsotse abincin da ya narke su miƙa shi ga jini. A makon farko waɗannan 'yan yatsu gajeru ne, sinadaran da ruwan maɗacin kuma ba su wadata ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa abinci mai yawan maiƙo ko mai yawan ƙaiƙayi ke wucewa ta cikin ɗan tsako ba tare da ya amfane shi ba. Kusa da ƙarshen hanji akwai wasu tagwayen jakunkuna dogaye masu toshiya, inda bakteriya masu amfani ke zaune suna ruɓar da sauran abinci. Mai karatu ya riƙe su a ransa, domin za mu dawo kansu. Tafiyar abinci daga baki zuwa dubura ba ta wuce 'yan sa'o'i, don haka ɗan tsako yana bukatar ci a kai a kai. Watsa masa hatsi sau ɗaya da safe ba zai kai shi ko'ina ba.

Duk wannan aiki kuwa ba ya tafiya sai da ɗumi. Zafin jikin babbar kaza yana wajen digiri 41, amma ɗan tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa sai ya kai kamar mako biyu. A makon farko yana bukatar digiri 32 zuwa 35 a inda yake kwanciya, a riƙa ragewa da kamar digiri 3 kowane mako. Wanda sanyin hunturu ya kama ba ya zuwa wurin abinci, sai ya takure yana kuka. Wanda zafin bazara ya dama kuwa ruwa zai yi ta sha yana haki. Ko babu ma'aunin zafi su da kansu za su gaya maka: in sun cunkushe a jikin fitila sanyi suke ji, in sun watse can gefe zafi ya yi yawa.

Maganar dusa

A gidajenmu dusa ce abincin kaji, ita ce kullum a hannu bayan surfe. Ba za mu raina ta ba. A shekarun 1890 wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, yana aiki a tsibirin Jawa na Indunusiya, ya lura kajin da ake ba farar shinkafa da aka surfe tas suna shanyewar ƙafa, kuma suna warkewa idan aka mayar musu da dusar. Wannan lura ce ta kai ga gano bitamin B1, har aka ba shi kyautar Nobel a 1929. Ashe dusa tana da nata arzikin. Amma mafi yawanta ƙaiƙayi ne, wanda muka ga cikin ɗan tsako bai iya sarrafa shi, furotin ɗinta kuma bai wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba in ta masara ce.

Ɗan tsako yana bukatar abinci mai furotin kamar kashi 20 cikin 100. Masara tana da wajen kashi 9, dawa da gero sun ɗara ta kaɗan. Ke nan ko hatsi zalla aka ba shi, rabin bukatarsa kawai ya samu. To, yaya 'ya'yan kazar gida suke rayuwa? Amsar tana ƙarƙashin ƙafar uwarsu. Tonon nan da take yi gara take tono musu, da tsutsa, da ƙananan ƙwari, dukansu furotin ne mai kyau. Wanda ya taɓa ganin yadda ɗan tsako ke fizgar gara ya ruga da gudu 'yan uwa na bin sa ya san inda aka samo kirarinsa, samu ka ƙi dangi. Da damina wannan abinci yana wadata. Da rani, ko a gidan birni da aka daɓe tsakar gida da siminti, babu abin tonowa, kuma a nan ne 'yan tsaki ke tsumburewa. Masu kiwon zabi sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke kafa tukunya da kara da kashin shanu a bakin suri don su tara wa 'ya'yan gara.

Mai hali ya sayi haɗaɗɗen abincin farko na 'yan tsaki, shi ya fi. Wanda zai haɗa da kansa, ga wani lissafi da masana abincin dabbobi ke kira murabba'in Pearson, wanda malamin lissafi da na aikin gona za su iya koyarwa tare. A ce muna da masara mai furotin 9 da soyayyen waken soya mai furotin 38, muna son haɗi mai 20. Sai mu ɗebe 20 daga 38, ya ba mu 18, wannan shi ne kason masara. Mu kuma ɗebe 9 daga 20, ya ba mu 11, kason waken soya ke nan. Jimilla 29. Idan aka mayar da shi bisa ɗari, za a sami masara kilo 62 da waken soya kilo 38. A lura, da sikeli ake wannan awo, domin mudun masara da mudun wake ba nauyinsu ɗaya ba. Wannan lissafi furotin kawai ya daidaita. Har yanzu da sauran garin ƙashi, da gishiri ɗan kaɗan, da haɗin bitamin da ake sayarwa a shagunan magungunan dabbobi.

Mun ce soyayyen waken soya, kuma da gangan muka faɗa. Ɗanyensa yana ɗauke da wani sinadari da ke ɗaure wanda hanji ke narkar da furotin da shi, sai ɗan tsako ya yi ta ci ba ya girma. Wuta ce ke kashe wannan sinadari, amma kada a bari waken ya ƙone. Ƙuli-ƙuli yana da furotin sosai, fiye da kashi 40, sai dai wanda aka yi don cin mutane yakan zo da gishiri, gishiri mai yawa kuwa yana sa 'yan tsaki zawo har ya kashe su. Sauran tuwo da miya ma haka. Madara ba ta karɓe su ba, don cikin tsuntsu ba ya narkar da sukarin da ke cikinta. Akwai kuma kuskuren ba su abincin kaji masu ƙwai saboda shi ne a gida. Wannan abinci yana da kalsiyam wajen kashi 4 cikin 100 saboda ɓawon ƙwai, alhali ɗan tsako kashi 1 yake bukata, rarar kuwa ƙodarsa take lalatawa.

Ruwa fa? Kaza tana shan kusan ninki biyu na nauyin abin da ta ci, fiye ma da haka da bazara. A sa ruwan a mazubi marar zurfi, a jera tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe, a wanke shi kullum.

Abin da kashi ke faɗi

Tsuntsu ba ya fitsari irin namu. Ƙodarsa tana fitar da dattin jiki a daskare, shi ne farin nan da ake gani a saman kashin kaji, kuma duka ta dubura suke fita. Lafiyayyen kashi a dunƙule yake, da ɗan farin a kansa. Sau kaɗan a yini kuma za a ga wani daban, mai ruwan ƙasa, mai danƙo da wari. Wannan daga tagwayen jakunkunan nan ya fito, ba ciwo ba ne, kada a tayar da hankali.

Matsalar da aka fi gani a makon farko ita ce kashi ya manne a gashin dubura, ya bushe, ya toshe ƙofar. Sanyi ko zafi mai yawa, wahalar tafiya da ƙarancin ruwa su ne kan gaba wajen jawo shi. Ɗan tsakon da ya toshe yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, alhali gyaran ba wuya. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a dafa wurin har kashin ya yi laushi ya fita da kansa, a tsane shi sosai, a shafa ɗan man gyaɗa, a mayar da shi wurin ɗumi. Kada a fizge, fatar za ta biyo. Kada kuma a rikita dubura da cibiya: dubura tana ƙarƙashin wutsiya, cibiya tana can ƙasan ciki, ɓawon da ke kanta kuwa ba a taɓa shi.

Idan da yawa suka kamu lokaci guda, kashin fari ne kamar alli, suna rufe ido suna sakin fiffike suna mutuwa, to ana zargin ciwon farin kashi. Wata bakteriya ce daga dangin Salmonela, wadda wani masani Ba'amurke, Leo Rettger, ya gano a 1899. Muguntarta ita ce tana bi ta cikin ƙwai daga uwa zuwa ɗa, kuma wanda ya warke yakan ci gaba da ɗauke da ita. Koren kashi tare da murɗewar wuya alama ce ta ciwon Niyukasil, zawo mai ruwa fari-fari a mako na uku zuwa na shida kuma yana iya zama gumboro. Waɗannan biyun abinci ba ya maganinsu, rigakafi ake yi musu, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu sarrafa shi.

Kashin jini

Wannan ciwo ya cancanci a tsaya a kansa, don yana nuna yadda ciki da shimfiɗa suke haɗe. Mai jawo shi wata halitta ce mai ƙwayar rai ɗaya da ake kira Eimeria, 'yar uwar ƙwayar da ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Akwai iri bakwai da aka daɗe da sani a kaji, kowane da sashen hanjin da ya fi so. Masanin da ya yi fice wajen rarrabe su shi ne Ernest Tyzzer na Jami'ar Harvard, a 1929. Wanda ke sa jini a kashin 'yan tsaki ya fi zama Eimeria tenella, mazauninsa kuwa tagwayen jakunkunan nan ne.

Kaza mai ɗauke da ciwon tana zubar da ƙwansa a kashi. A lokacin da ya fito bai iya cutarwa. Sai ya sami danshi da ɗumi da iska na kwana ɗaya ko biyu sannan ya nuna, 'ya'ya 8 su ginu a cikinsa. Ɗan tsako ya tsince shi tare da abinci, ƙundunsa da kansa ya fasa masa ɓawo, 'ya'yan su fito su kutsa cikin bangon hanji. A can suke hayayyafa, su fasa wurin su fito, su sake shiga wani, har bangon ya yayyage jini ya zuba. Cikin mako guda ɗan tsakon ya fara zubar da sababbin ƙwayaye dubbai. Shi ya sa ciwon ya fi bayyana a mako na uku zuwa na shida, bayan ƙwayayen sun taru a shimfiɗa, kuma ya fi tsanani da damina da kuma gefen mazubin ruwa inda kullum a jiƙe yake.

Wanda ya fahimci wannan zagaye ya san inda zai yanke shi. Ƙwan yana jure yawancin magungunan wanke ɗaki, amma bushewa da zafin rana suna kashe shi. A kwashe shimfiɗar da ta jiƙe, a ɗaga mazubin abinci yadda ba za su yi kashi a ciki ba, a rage cunkoso. Ɗan tsakon da ya haɗiyi ƙwayaye kaɗan yakan sami garkuwa ba tare da ya kwanta ba, yawan ne ke kashewa. In jini ya riga ya bayyana, a nemi malamin dabbobi ba tare da ɓata lokaci ba. Maganin da aka fi bayarwa, amfuroliyam, yana kama da bitamin B1 a ƙira, sai ƙwayar ta ɗauke shi a maimakon bitamin ɗin ta mutu. Saboda haka ba a haɗa shi da ruwan bitamin lokaci guda, sai an gama.

A nan ya kamata mu yi magana a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wato fasa kafson mutane a zuba a ruwan 'yan tsaki da zarar an ga zawo, ko ma ba a ga komai ba. A 1973 wasu masana biyu a ƙasar Finlan, Nurmi da Rantala, sun ba sababbin 'yan tsaki ɗan abin da ke cikin hanjin lafiyayyun manyan kaji, suka tarar Salmonela ta kasa kama su. Bakteriya masu amfani sun riga sun mamaye wurin, baƙuwa ba ta sami masauki ba. Ɗan tsakon da ke bin uwarsa yana samun waɗannan daga gare ta, na kwali kuwa sai a hankali yake tara nasa. Kafson da aka ba shi babu dalili waɗannan masu gadi yake fara kashewa, kuma yana koya wa sauran bakteriya jure magani, har wata rana maganin ya ƙi aiki a jikin mutum. Ƙungiyar Tarayyar Turai ta hana sa irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don ƙara girma tun 2006.

Hatsin da aka ce a ba kaji

Idan masara ko gyaɗa ta yi fumfuna a rumbu, abin da aka saba ji shi ne, a ba kaji. A 1960 'ya'yan talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, aka rasa dalili, har aka bi sawu aka gano tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Burazil. Wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ce ta zuba guba a cikinta, gubar da aka raɗa wa suna aflatoksin. Tana lalata hanta, ta rage ruwan maɗaci, ta raunana garkuwar jiki har rigakafi ya ƙi kamawa. 'Ya'yan agwagwa sun fi kowa saurin mutuwa da ita. Dafuwa ko suya ba sa kawar da ita, kuma ƙasarmu mai zafi, mai gyaɗa da masara, wurin zamanta ne. Abincin da aka saya ma yana iya yin fumfuna idan aka ajiye buhun a ƙasa mai danshi, ko aka kwaɓa shi da ruwa aka bari ya kwana. A ɗora buhu a kan katako, a sayi abin da zai ƙare cikin 'yan makonni, a kuma sansana kafin a zuba.

Aikin aji

Malam zai iya sayo kayan cikin kaza ɗaya daga wurin masu fige kaji a kasuwa, ya roƙi a ciro masa su a haɗe tun daga maƙogwaro. A shimfiɗa su a kan faranti, ɗalibai su auna tsawon kowane sashe su zana shi. A tsaga ƙundu a wanke abin da ke ciki a ƙidaya tsakuwar. A bi hanji da yatsa a hankali, wajen tsakiyarsa za a ji wani ɗan tsiro kamar ƙwayar shinkafa. Wannan shi ne ragowar hanyar da gwaiduwa ta bi, ana kuma kiransa da sunan Meckel, masanin Jamus da ya bayyana irinsa a jikin mutum a 1809.

Makarantar da ke da 'yan tsaki kuwa, a raba wa ɗalibai aikin shafa jakar wuya a ranar farko da ta biyu, da duba kashi kowace safiya, ana rubutawa a littafi. A auna 10 daga cikinsu ranar isowa, a sake aunawa a kwana na 7. Ga kajin nama na gidan gona, ana sa ran nauyin ya ninka sau huɗu ko fiye, wato mai giram 40 ya kai 160 zuwa 180. In bai kai ba, sai aji ya koma littafin ya nemo ranar da abin ya karkace. Kowa ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa su, domin wasu nau'o'in Salmonela da kaza ke ɗauke da su tana yawonta lafiya suna sa mutum gudawa da zazzaɓi.